Kuɗin da yaro ya samu a fim, na waye?

Tambaya: Barista, ni da maigidana muna zaune a Los Angeles. An ɗauki ɗanmu mai shekara 9 a wani fim na barkwanci, labarin yara biyu abokai 'yan unguwa ɗaya. Maigida ya ce a zuba kuɗin duka a asusunsa ya ƙarasa ginin da muke yi a gida, wai ai ɗa da dukiyarsa na ubansa ne. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me doka ta ce?

Amsa: Hajiya, rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili. Maganar da maigida ya kawo hadisi ce, kuma fassararta aikin malamai ne. Amma kotun Kalifoniya, jihar da Los Angeles take ciki, ba da ita za ta yi hukunci ba. A wannan jiha, abin da yaro ya samu ta kwantiragin fim dukiyarsa ce shi kaɗai.

Wannan doka daga rigimar gida ta samo asali. Jackie Coogan yana ɗan ƙaramin yaro ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid na 1921, ya tara miliyoyin daloli kafin ya balaga. Da ya girma ya nemi kuɗinsa, sai ya tarar mahaifiyarsa da mijin da ta aura sun kusa cinyewa. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya tsira da shi bai wuce dala 126,000 ba, domin a lokacin doka tana ganin kuɗin yaro na iyayensa ne. Kunyar wannan shari'a ta sa aka yi dokar 1939 da ake kira da sunansa. Tana da kafofi da yawa, sai a gyaran da ya fara aiki a 2000 aka toshe su.

Yadda take a yau: kamfanin fim zai cire kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaron tun kafin a taɓa komai, ya zuba a wani asusu na musamman da ake kira asusun Coogan. Ke ko maigida za ku buɗe shi, cikin kwanakin aiki 7 bayan sa hannu a kwantiragi. Ba mai cire ko sisi sai yaron ya cika 18, ko kuma alƙali ya ba da izini. Idan kuka yi sakaci har kwana 180 ba ku ba kamfani bayanin asusun ba, za a miƙa kuɗin ga wata gidauniyar 'yan fim ta ajiye masa, kuma karɓowa daga baya ɗawainiya ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne sauran kashi 85. Iyaye da yawa suna ɗauka nasu ne tunda ba a kulle shi ba. A'a, shi ma na yaron ne, amana ce a hannunku. Za a biya haraji daga ciki, da ladan wakilinsa, da hidimar da aikin ya jawo. Amma a kwashe a yi gini da sunan uba, wannan ƙofar ƙara ce yaron zai iya buɗewa ranar da ya girma. Ba na fatan ku kai nan. Idan har ginin ake so, ku zauna da lauya tukuna a duba ko za a rubuta wa yaron kasonsa a takardar gidan, kuma a ajiye rasit na kowace dala.

Kada ki sa hannu sai kin ga abin da kwantiragi ya ce kan sake nuna fim ɗin. Yaran Our Gang, jerin gajerun fina-finan barkwancin da mai shirya fim Hal Roach ya fara a 1922, inda yara baƙaƙe da farare suke wasa tare a zamanin da wariya take da ƙarfi, albashi kawai aka biya su. Da aka dawo da fina-finan a talabijin a shekarun 1950 da sunan The Little Rascals, wasu suka yi ta kwasar kuɗi, su yaran ba su ga komai ba. Ki tambaya ko aikin yana ƙarƙashin SAG-AFTRA, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan fim ta Amurka, domin yarjejeniyarta ce ke tanadar biyan 'yan wasa idan an sake nuna fim. Ki kuma sani cewa idan kamfani ya kai kwantiragin kotu aka amince da shi, ɗanki ba zai iya warware shi daga baya da hujjar ƙuruciya ba.

Akwai kuma takardar izinin aiki daga ofishin kwamishinan ƙwadago na jiha, wadda ake sabuntawa duk wata 6. A shekarunsa, ranar makaranta ba zai yi aiki fiye da awa 5 ba, za a ba shi awa 3 na karatu da malami a wurin ɗaukar fim, kuma dole ɗayanku ya kasance inda zai gan shi ko ya ji shi.

Shawarata, ki buɗe asusun Coogan a wannan makon, sannan ki buɗe wani daban da sunan yaron domin ragowar. Ki tafi da maigida wajen lauyan da zai karanta kwantiragin, ya ji da kunnensa. Daga bakin lauya zai fi karɓarta.