Tambaya da Amsa: Akwatin karfen kakanmu dan Bama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Tambayata akan kakanmu ne na wajen uba, Allah ya jikansa, ya rasu tun ina 'yar firamare. Abinda na sani dai yaje yakin Bama, da ya dawo yayi masinja a En'e har aka maida shi karamar hukuma yayi ritaya, ya bar 'ya'ya goma sha daya, jikoki kuwa ba'a magana. Kwanaki muna gyaran dakin Inna matarsa, tana nan da ranta amma tsufa ya kamata sosai, sai muka ci karo da akwatinsa na karfe, a ciki akwai lambobin yabo uku, daya kamar tauraro da kyalle ja a tsakiya shudi da ruwan lemo a gefe, sai wani dan littafi da asu ya fara ci, da guntun kyalle rawaya mai hoton bakin gizo-gizo. Yarana suna ta tambayata waye shi, ni kuma banda "tsohon soja ne" bani da abin cewa, wallahi abin ya dameni. Don Allah me wadannan kaya suke nufi, kuma ya zamuyi kar sunansa ya bace?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya jikan Baba ya sa can tafi nan, Inna kuma Allah ya kara mata lafiya. Wasikarki ta taba min zuciya, don muma a unguwarmu da muna yara akwai wani dattijo dan Bama, kullum da yamma yana kan tabarma a kofar gida bayansa a mike kyam kamar yana fareti, mu dai gaisheshi muke mu wuce da gudu, babu wanda ya taba durkusawa yace Baba bamu labari, har kasa ta rufe masa ido. Har yau abin yana cina.

Wannan tauraron sunansa Burma Star, Ingila ce ta bayar ga wadanda sukayi yaki a fagen Bama a yakin duniya na biyu, wato kasar da tun 1989 ake kira Myanmar. Kyallen gizon kuwa tambarin runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1943, ta hada 'yan Najeriya da Gana, lokacin ana ce mata Gold Coast, da Saliyo da Gambiya, kuma gizon nan dai shi ne na tatsuniya wanda mutanen Gana ke kira Ananse. 'Yar uwarta runduna ta 82 tambarinta mashi guda biyu ne a gicciye a kan gammo, kin ga shi ma daga rayuwarmu aka daukoshi, don dajin Bama mota bata ratsashi, a ka mutanenmu suka rika daukar harsashi da abinci suna hawa duwatsu suna ketare koguna cikin ruwan sama da sauro, jirgi na jefo musu guzuri ta sama.

Daga Legas aka kwashe 'yan runduna ta 81 a jirgin ruwa aka zaga ta kudancin Afirka zuwa Indiya, daga can sai Bama. Runduna ta 81 a kwarin kogin Kaladan ta gwabza da sojojin Japan a 1944, a watan Janairun 1945 kuma rundunonin biyu suka hadu aka kwace garin Myohaung. Akwai kuma birged ta 3, 'yan Najeriya ce, da aka cire daga runduna ta 81 aka hada da dakarun Chindit masu shiga bayan abokan gaba, kuma ai ke 'yar Zariya ce kin san barikin Chindit inda ake horar da kuratan soja, to daga can sunan ya samo asali. Haka barikin Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen wurare ne a Bama. Wadanda basu dawo ba kuma ba'a san kabarinsu ba, sunayensu na jikin wani bangon tunawa a makabartar Taukkyan kusa da Yangon, mai dauke da suna kusan 27,000, cikinsu har da 'yan kasarmu.

Dan littafin nan a ganina yafi lambobin daraja, in takardar sallamarsa ce zaki ga lambar sojansa da bataliyarsa da shekarar da ya shiga da wadda ya fita, ita zata nuna miki ko Kaladan yaje ko cikin Chindit yake, don galibi ba'a rubuta suna a jikin lambobin. Ki dauki hoton kowane shafi da waya yau din nan, kar ki yarda a kaishi laminatin don zafin yana lalata tsohuwar takarda, ki sashi a ambulan a ajiye inda babu danshi. Lambobin ma kar a dirje su da toka ko soson karfe, kyalle mai laushi ya isa.

Amma 'yata ga inda nafi so ki tsaya. Yakin nan 'yan shekaru ne cikin rayuwarsa, sauran fa? Mutumin da ya ratsa dajin Bama ya dawo ya karbi aikin masinja, ya rika zaga gari da takardu ko a kasa ko a kan keke shekara da shekaru har aka rushe tsarin En'e a 1976 aka kawo kananan hukumomi, da dan albashin nan ya ciyar da mutum goma sha daya ya aurar da su, wannan bangaren yafi tsawo kuma shi ya kawoki duniya, amma shi ne ba'a bashi lambar yabo ba kuma shi yafi saurin bacewa. Da yawa daga mazan jiya irin aikin da suka samu kenan, masinja ko dan doka ko gadi, wasu ma ko hakan basu samu ba, kuma mafi yawansu basa son zancen abinda suka gani a can. In zaki bawa yaranki labarinsa ki basu duka, har da fadansa in mai fada ne, har da abinda yake sawowa in anyi albashi.

In kina son bin sawun aikinsa, akwai ma'ajiyar tarihi ta kasa a Kaduna mai tsofaffin fayil-fayil na larduna, da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House dake karkashin jami'ar Ahmadu Bello, sai ofishin kungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da mazan jiya ku hadu a gida a fito da akwatin, ayi masa saukar Alkur'ani da sadaka, ko ku hada kudi ku haka rijiya da niyyar ladan ya isa gareshi.

Sai dai duk wadannan zasu iya jira, Inna ce ba zata jira ba. Ki je da hantsi lokacin da jikinta yafi sakewa, ki kunna rikodin a waya ki ajiye gefe, kar ki ce mata "bani tarihinsa" don zata ce ta manta, ki mika mata kyallen gizon a hannu ki tambayeta ranar da ta fara ganinsa wace riga ce a jikinsa, yana firgita cikin barci ko baya yi, wace miya yafi so, me yake cewa in yaro yayi laifi. Daga nan ki bi baffanninki da gwaggonninki daya bayan daya, ki fara da babbansu. In kin gama ki sake rubuto min, ina son jin wace bataliya aka rubuta a littafin.