Muryar Kawu a gurup: filasharka lafiyarta ƙalau, farar jallabiya ce ta ci ka

Assalamu alaikum 'yan gurup. To ɗana, na ji muryarka tun bayan Azahar, ina kan hanya ne daga Makka zuwa Jidda, shi ya sa ban amsa ba. Hotunan nan uku ma na gani. Ka ce ka ɗauki walimar aure a istiraha, gidan hutun nan da ake haya don biki, daren Alhamis, da kyamararka Canon 700D da filasha Godox TT685, filasha tana tashi amma hotuna sun fito da duhu, wai ko ta mutu ne, wacce za ka saya. To ni abin da kunnena ya jiyo, nema kake wani babba ya ce maka tafi kasuwa ka zubar da riyal. Ba dai daga bakina ba. Filashar nan lafiyarta ƙalau. Ko ka sayo wadda ta ninka ta kuɗi, gobe ka koma wannan zauren, haka za su fito.

Buɗe hoto na biyu, wanda ango yake tsakiyar abokansa. Mutum bakwai, kowa da farar jallabiya an sha guga, bango fari, tayil fari yana ƙyalli. Dubi jallabiyun da kyau. Fari ka gani? Ruwan toka suka fito, kamar an wanke su da ruwan kwata. To a nan gizo yake saƙa. Kana kan TTL, wato setin da kyamara ke auna wa filasha haske da kanta, ko ba haka ba? Shi TTL kafin ainihin hasken ya fita, sai filasha ta jefa wani ɗan ƙaramin haske, ido ma bai cika raba su ba, kyamara ta auna abin da ya dawo mata. Ita kuwa kyamara ba ta san jallabiya ba, ba ta san harami ba. A lissafinta duk duniya ruwan toka ce, tsaka-tsaki. Da ta ga fari ya dawo mata da haske mai yawa sai ta ce a'a, wannan ya yi yawa, filasha rage. Sai farin ya koma toka. Mu kuma ga kalar fatarmu, Allah Ya yi mu baƙaƙe, in farin yadi ya koma toka ina kake zaton fuska za ta je? Sai haƙora da idanu.

Wannan ciwon namu ne na ƙasar nan. Mai hoto a Kano ko Zinder yana samun shadda kala-kala, shuɗi, ruwan ƙasa, kore, sai lissafin ya daidaita da kansa. Mu nan ɗaki guda maza hamsin, kowa fari fat. Kwatanta da hoto na uku, inda ango ya yafa baƙin bishti, alkyabbar nan ta Larabawa, kuma ka matso kusa, ai ka ga ya fi sauran haske. Filasha ɗaya, batir ɗaya, dare ɗaya. Wadda ta mutu tana zaɓen hoto ne?

Maganinsa ba kuɗi. A bayan filashar akwai wurin ƙari da ragi, mai alamar walƙiya da +/-. Kai shi +1, in farin ya cika hoton har +1 da ɗigo biyu. Kuma kar ka haɗa shi da ƙari da ragin kyamara na yau da kullum, a Canon abu biyu ne daban, ɗaya na hasken wuri, ɗaya na filasha. Ko kuma ka ɗora tsakiyar kyamara a fuskar mutum, ka danna maɓallin nan mai tauraro da ke ƙarƙashin babban yatsanka, filasha ta auna fuskar ta riƙe, sannan ka gyara tsayuwar hoton ka ɗauka. Sai dai mutane suna ganin hasken farkon nan su ɗauka an gama, su watse. Sai ka riƙa cewa ku tsaya, ba a yi ba tukuna.

Kuma tun da na ambaci wurin nan, je ka duba shi yanzu, kar a ce yana kan -2 tun tuni ba ka sani ba. Wa ka ba aro kwanan nan? Ina tambaya ne don ni an yi mini. Zamanin fim, a Makka, can wajen Shara Mansur, ina da Vivitar 283. Yaran yanzu ba ku san ta ba. A gefenta akwai wani faifai da kake juyawa ka sa lambar fim ɗinka, shi kuma ya nuna maka inda za ka sa ƙofar ido, wato ramin gilashin kyamara da haske ke shiga ta ciki. Wani ɗan uwa, ba zan faɗi ko wane ne ba, yana nan da ransa, ya are ta kwana biyu ya dawo da ita ya bar faifan a 400. Ni fim ɗina 100 ne. Ban duba ba, na karanta abin da faifai ya ce, na tsuke ido mataki biyu. Ya'ani kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da ake buƙata shi ya shiga. Ba sikirin a lokacin balle ka leƙa. Nadi uku, kowanne mai 36, sai da aka wanko na ga abin da na yi. Uban ango ya baje su a kan darduma gaban mutane, yana ɗaga ɗaya ɗaya yana cewa Malam, wannan ɗana ne ko aljani? Rabin kuɗin ma bai ba ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Shi kuwa gogan har yau cewa yake bai taɓa faifan ba. To wa ya taɓa? Ni na juya shi cikin barci? Mun haɗu a wani suna bara, na sake tayar da maganar, wai Kawu har yanzu ba ka manta ba. Ina fa zan manta! Ko haƙuri bai... halas dai, a bar maganar. Ina muka tsaya?

Yawwa, silin. Hoto na farko ba jallabiya kaɗai ba ce. Na ga inuwa a ƙarƙashin idanu, na san ka ɗaga kan filashar sama ne kamar yadda kake gani a YouTube. Su waɗancan a ɗaki suke mai silin mita uku, fari. Zaurukan bikin nan namu silin ya kai mita shida ko fiye, ga ado ruwan zinare, ga fitilu na lilo. Haske ya hau, ya sauko, tafiyar ta kai wajen mita goma, kuma silin ya sha nasa kason. Shi haske in ka ninka nisa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. In kuma a filin istiraha kake, a waje, ka ɗaga kai sama, to taurari kake haskawa.

Bari in yi maka lissafin. A kwalin filashar an rubuta 60, lambar ƙarfinta, ko? Wannan 60 ɗin a ISO 100 ne, wato lambar yadda kyamara ke jin haske, kuma sai kan filasha ya tsuke zuwa zum 200. Kai da kake ɗaukar taro a faɗi, abin da ke hannunka bai wuce wajen 30 ba. Raba shi da lambar ƙofar ido. Gilashinka 18-55 ne, mu ce ka sa ƙofar idon a 5.6. Talatin a raba da 5.6, mita biyar da 'yan kai. Iyakar ƙarfinta ke nan, kuma kai tsaye, ba ta silin ba. Kai kuma ka kafe a ISO 100 wai kana tsoron tsakuwa, ɗige-ɗigen nan da ke fitowa a hoto. Kai shi 400, nisan ya ninka, ya zama wajen mita goma sha ɗaya. Kai shi 800 ma, 700D tana ɗauka. Tsakuwar 800 ta fi tsakuwar hoton da ka jawo daga duhu a manhajar gyaran hoto ta Lightroom kyau nesa ba kusa ba, kuma a fuskar baƙin mutum jan nan ya fi muni, sai ka ga kore-kore da ja-ja a kumatu.

Af, kuma ɗan farin gilashin nan da ake zarowa daga saman kan filasha, mai faɗaɗa haske. In ya fito, ko bai koma ciki sosai ba, zum yana maƙalewa a 14, hasken ya watse a bango da ƙasa. Tura shi har ka ji ya zauna. Haka kofin robar nan da kuke kifawa a kai, shi ma yana cin nasa.

Shota kuma, wato saurin ƙyaftawar kyamara, ka bar ta a 1/60 zuwa 1/125 na daƙiƙa. Ba ita ke ƙara wa filasha ƙarfi ba, bayan mutane take buɗewa, don kar su fito kamar suna tsaye a bakin rijiya. Amma kar ka haura 1/200, nan ne iyakar kyamararka. Da ka wuce, in alamar H ɗin nan mai walƙiya tana kunne, filasha ta daina bugu ɗaya mai ƙarfi, sai ta koma ƙyafta ƙanana a jere, fiye da rabin ƙarfin ya tafi. Wannan na rana ne a Kornish, bakin tekun Jidda, ba na zaure da dare ba.

Wani a gurup ɗin nan ya rubuta batir ne. E, batir mai rauni yana rage haske... a'a, tsaya, ban faɗa daidai ba. Ba ya rage hasken in ka jira ta cika. Jinkiri yake sawa. Kai kuma ango ya shigo, ana ta guɗa daga can ɓangaren mata, hannunka yana rawa, kana ta dannawa ba ka jira jar fitilar ta kama ba. Na farko ya yi kyau, na biyu da na uku duhu. In haka jerin hotunanka suke, to batir ne. Bar na bakala, ƙaramin shagon unguwa, masu arhar nan, nemi masu caji irin Eneloop guda takwas, huɗu a ciki huɗu a aljihu. Kuma in ka yi ta buga ta da cikakken ƙarfi sau wajen 30 a jere, za ta yi zafi ta ja birki da kanta, balle a zafin Jidda da gumin nan. Ka ga in ka ɗaga ISO ma ka hutar da ita.

Da 4000D ce ko 250D a hannunka da na ce duba mazaunin filasha, don su Canon ta cire musu ƙarfen tsakiya, wasu filashohin ba sa tashi sam. Amma taka ba ta ciki, kuma ka ce tana tashi. Goge wurin dai da tsumma busasshe, ƙura ba ta raina kowa. 

Abin da nake so ka yi yau bayan Isha'i: sa ƙaninka ya saka farar jallabiya, tsayar da shi mita uku a falo. Kyamara a M, wato setin hannu, shota 1/100, ƙofar ido 5.6, ISO 400, kan filasha a miƙe. Ɗauki ɗaya a TTL sifili, ɗaya a +1. Sannan mayar da filashar M, cikakken ƙarfi, 1/1, ka buga. In wannan na ƙarshen bai wanke yaron fari tas ba har ka kasa gane hancinsa, to na yarda ta samu matsala, ni da kaina zan raka ka wurin gyara. Kuma kar ka yi mini hukunci da hasken sikirin, cikin duhu kowane hoto kyau yake yi. Danna INFO ka dubi tsaunukan nan na histogiram, zanen da ke nuna duhu a hagu haske a dama, farar jallabiya ya kamata ta matsa can dama, dab da bango amma ba ta manne ba.

Ka turo mini su ukun a matsayin dokumen, ba hoto ba, don WhatsApp yana matse hoto ya share bayanan setin, ni kuma lambobin nake son gani. Kuma ka gaya mini wanda ka ba aro. Gai da mamanka, ka ce mata ina nan tafe Juma'a in sha Allah.