Shawarar lauya: maƙeri ya gyara sarƙa, nauyinta ya ragu

Wata Hajiya daga Garwa, a ƙasar Kamaru, ta rubuto cewa ta kai wa maƙeri sarƙarta ta gwal karat 21, mai nauyin giram 24, ya haɗa inda ta tsinke. Da ta karɓo ta auna, sai ta ga giram 21, wurin haɗin kuma ya fara baƙi.

Hajiya, kada ki bari wani maƙerin ya sa wa sarƙar nan wuta. Ita ce shaidarki. Ki kai ta wurin mai sayar da gwal ya auna, ya goga ta a dutsen gwaji da ruwan asid, ya rubuta miki nauyi da karat. Gwal karat 21 lambar da ake buga masa a jiki 875 ce, na karat 18 kuwa 750. Haɗa zobe ɗaya ba ya cin giram uku. Abin da goge da wanki ke ɗauka ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ko dai wuta ta yi yawa ta narkar da wani sashe, abin da ke yawan samun sarƙa mai rami a ciki, ko an yanke tsawonta, ko an canja maƙulli. Baƙin nan kuma alama ce an liƙa da ƙarfen da bai kai gwal ɗinki ba.

Idan kuskuren aiki ne, maganar ta diyya ce. Sashe na 1789 na dokar farar hula ta Kamaru ya ɗora wa mai sana'a alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo wa kayan da aka ba shi. Kotun matakin farko ce ke jin ƙarar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba. Idan kuwa da gangan ya rage, cin amana ne ƙarƙashin sashe na 318 na dokar laifuka: ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1.

Ni dai ba na so ki fara da jandarma. Inda gizo ke saƙa shi ne nauyin farko: da me za ki tabbatar giram 24 kika ba shi? Nemo rasiɗin saye, da hoton sarƙar a wuyanki wanda zai nuna tsawonta, da wanda ya raka ki ranar. In babu takarda, ki biya wisiye, wato jami'in da ke kai sammaci da takardun kotu, ya je ya yi wa maƙerin tambayoyi ya rubuta amsarsa; abin da ya amsa da bakinsa hujja ce a gaban alƙali.

Kafin nan ki gwada shugaban maƙeran kasuwar, don kuɗin shari'a na iya cinye darajar giram ukun. In an sasanta, a rubuta ko giram nawa zai mayar, karat nawa, da ranar biya, ku sa hannu tare da shaidu biyu.