Amsa ga ɗan uwa daga Kano: gaɓar Sawakin dutse ce

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan Sudan, da ake kira Takari, muna shiga teku kamar yadda ake wanka a rairayin Legas. Gaɓar Bahar Maliya ta nan daban take. Galibinta dutsen murjani ne, mai ramuka da kaifi, wanda masunta ke kira sha'ab.

Shi ya sa a wajenmu ba a barin yaro ya taka ruwa ba takalmi. Silifa ba ya isa, sai takalmin roba mai rufe yatsu, don a ramukan akwai bushiyar ruwa mai ƙaya da wani kifi mai dafi da ya yi kama da dutse sak. Idan ya soki mutum, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure, kamar digiri 45, na rabin awa ko fiye, sannan a wuce asibiti. Yankan murjani kuwa, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da sabulu da ruwan sha, a cire ɓurɓushin da ya maƙale. In aka bar shi, ruɓewa yake yi.

Mai son tsibirai na nesa, irin Sanganeb da Mukawwar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, sai ya bi masuncin da ya san hanya. Da launin ruwa suke tuƙi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ba zurfi, ruwan ƙasa kuwa dutse ne dab da sama. Sai rana ta ɗaga, tana bayan matuƙi, launukan ke fitowa. Da yamma, in tana haska ido, nan kwale-kwale ke fashewa.

Da wannan dutsen aka gina tsohon garin Sawakin, tsibirin da kakanninmu mahajjata suka riƙa tsallakawa Jidda daga gare shi. Dutse ne mai shan danshi da gishiri, dole a riƙa sabunta masa shafen farar ƙasa. Da aka mayar da tashar jiragen ruwa Bur Sudan, kilomita kusan 60 arewa, a farkon ƙarni na 20, masu gidajen suka watse, shafen ya tsaya, benaye suka zube. Abin da ciwo a gani. In Allah ya kawo ka, kada ka jingina da bangon da ya rage, kada kuma ka shiga ƙarƙashinsa neman inuwa.