Yadda sikeli da bokitin ruwa ke bambance ƙarfe da dalma da alminiyum

Tambaya: Ina harkar sayen gwangwan. Kullum ana cewa dalma ta fi ƙarfe nauyi, ƙarfe kuma ya fi alminiyum, alhali kilo ɗaya kilo ɗaya ne ko na mene ne. Ina bambancin yake? Kuma zan iya gane abin da aka kawo mini ta hanyar awo?

Amsa: Gaskiyarka Malam, kilon dalma da kilon auduga duk ɗaya ne a sikeli. Inda suka bambanta shi ne girman wurin da kowanne ke ci. Ka ɗauki gwangwanin lita ɗaya: in ka cika shi da ruwa, kilo 1 ne. Da ƙarfe irin na rodi za a narka a cika shi, sai ya ba ka kilo 7.85. Alminiyum 2.7 ne kawai, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ke nan. Jan ƙarfe kusan 9 ne, tagulla wajen 8.5, dalma 11.3, zinariya kuwa 19.3.

Gwajin ba wuya. Ka fara auna guntun a bushe, ka rubuta. Sai ka ɗora bokiti da ruwa a kan sikelin dijital, ka mayar da shi sifili. Ɗaura guntun da siririn zare, ka riƙe zaren ka sauke shi har ruwa ya rufe shi gaba ɗaya, amma kada ya taɓa gindin bokitin ko gefensa. Abin da sikelin ya nuna shi ne nauyin ruwan da guntun ya ture. Ka raba awon farko da na biyu, duka a giram, lambar da ta fito ka kwatanta da na sama.

Misali guntu mai kilo 2: in alminiyum ne a awo na biyu za ka ga kusan giram 740, ƙarfe 255, jan ƙarfe 223, dalma 176. Ka lura, tsakanin ƙarfe da jan ƙarfe giram 32 ne kacal, don haka sikelin rataye mai allura ba zai yi wannan aikin ba, sai mai nuna giram ɗaya-ɗaya.

Abin da ya fi ɓata lissafin iska ce. Bututu mai toshe ko abu mai rami a ciki zai ture ruwa fiye da jikinsa, sai ƙarfe ya fito kamar alminiyum. Ka yanka shi, ko ka karkaɗa har kumfa ta daina tasowa. Tsatsa mai kauri, busasshen siminti da roba duk suna rage lambar, a kankare su tukuna.

Akwai inda awo kaɗai ba ya raba gardama. Ƙarfen zubi irin na tsofaffin injuna wajen 7.2 ne, tutiya 7.1, kuza 7.3. A nan maganaɗisu za ka sa: yana kama ƙarfen, ba ya kama sauran biyun.

A wayar wuta muka fi so ka yi hattara, domin nan ne asara ta fi yawa. Akwai wadda cikinta alminiyum ne, aka lulluɓe ta da jan ƙarfe a sama, ido ba ya ganewa. Ka fere robar, ka dunƙule wayar sako-sako yadda ruwa zai ratsa ta, ka gwada. Ta gaske za ta ba ka kusan 9, mai lulluɓi ba za ta kai 4 ba. In ka kankare ta da wuƙa ma za ka ga farin ya bayyana a ƙasa.