Filafilin jirgin roba ya cije, kar ka kai mai guduma

To yarona naga saƙonka, wai filafilin jirgin roban nan mai hura iska da aka kawo mana gyara ya cije a mahaɗa yaƙi rabuwa, kana tambaya ko ka zuba mai baƙin mai ka ɗan bubbuga da guduma. Kul! Aje gudumar nan tukuna.

Wannan fa ba irin filafilin maɗacin da Sarkawa ke tuƙi dashi a bakin ruwan Yauri bane wanda ko ka jefar dashi kan dutse ba abinda zai same shi, wannan bututun alminiyom ne cikinsa rami, bugu ɗaya ya lotsa shikenan har abada bazai ƙara shiga ɗan uwansa ba, sai mu biya mai kaya. Abinda ya riƙe shi ba komai bane illa yashi da laka, an fito daga ruwa ba'a raba shi an ɗauraye ba suka bushe a ciki. Ka samu baho ka kaɗa omo ka tsoma mahaɗar ta kwana, da safe ka danne ɗan maɓallin nan mai sifirin, kai ka riƙe gefe ɗaya wani ya riƙe ɗayan ku riƙa murɗawa a hankali kuna ja. In yaƙi, zuba ruwan zafi akan bututun waje kaɗai, zai ɗan buɗe. In ya fita ka wanke ciki tas ya bushe sannan ka goga kyandir, ya isa. Baƙin mai yashi yake kamawa, kuma in ya ɗiga jikin jirgin yana lalata roba da gam.

Kuma ka duba bakin faffaɗan kan filafilin, wato wurin da ke shiga ruwa, nasan zaka ganshi duk ya gutsure. Mutanenmu sun saba da gora, da an zo wuri mara zurfi sai su kafa filafili a ƙasa su tunkuɗa, ni wannan ɗabi'ar ce ke ban haushi wallahi, abu na roba ka maida shi gora! Sa samfefa ka goge duk inda yayi kaifi don shi ke tsaga jirgin in an aje shi a ciki. Ka girgiza kan kuma, in yana motsi ribit ɗin, wato ƴar ƙusar da ke riƙe shi da bututun, ya saki, cire ka sa sabo.

Sai mariƙin da ke manne a jikin jirgin inda filafilin ke zama, ja shi da hannu ka gani ko gefensa ya fara ɗagowa. In ya ɗago kar ka kaishi wajen mai faci, sholishon ɗin taya baya kama PVC, wato irin robar da aka yi jirgin da ita, akwai gam ɗinsa daban a akwatina, ka goge wurin ya bushe ƙayau ka manna ka barshi awa 24 kafin a taɓa. Murfin nan mai zare dake hana filafili zamewa yawan ɓata yake, ɗaure shi da ɗan igiya.

In mai shi yazo karɓa ka faɗa mai ya daina barinsu a rana, zafin Afrilu nan Kebbi yana wuce digiri 40, robar faffaɗan bushewa take ta fara karyewa kamar ƙosan rogo da ya kwana, shi kansa jirgin in zai daɗe a tudu a rage mai iska. Kuɗin gam daban ne, kar ka bari ya haɗe maka dana aiki, in yayi gardama ka kirani.