Karnukan kango sun hana ni sakat a kan keke

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Da keke nake zuwa aiki kullum da sassafe, to akwai wasu karnuka huɗu marasa ubangida da suke kwana a wani kango a hanyar, da sun hango ni sai su taso da haushi su biyo ni, ni kuma in ta taka feda kamar raina zai fita. Shekaranjiya ɗaya ya cafki ƙafar wandona har haƙorinsa ya ɗan karce ni a idon sawu, amma jinin kaɗan ne. Kuma ina da kwikwiyo ɗan wata huɗu da nake fita da shi da yamma, ina tsoron su far masa. Abokina ya ce in sa musu guba kawai a huta.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan karcewar da ka raina ita ta fi tayar min da hankali wallahi, ka ajiye komai ka tafi asibiti yau ɗin nan. Ciwon haukan kare ta yawu yake shiga, ko ƴar ƙwarzana ta ishe shi, kuma sai ya yi lamo a jiki wata biyu ko uku, wani lokacin sati ɗaya wani lokacin har shekara, mutum yana yawonsa lafiya lau, ranar da alamu suka bayyana kuwa kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 yake kashewa duk shekara, kusan duka daga kare. Allurar rigakafin tana aiki sosai in an fara ta kafin alamu, kwana biyun da suka wuce ba su sa ka makara ba, sai dai ba sau ɗaya ake yi ba, ka cika duk ranakun da suka rubuta maka. In ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur kafin komai.

Batun keke kuma, gudun nan naka shi ne yake kunna su. Kare in ya ga abu yana gudu sai ya bi, haka aka halicce shi, ga ƙafa tana juyawa daidai saitin bakinsa, kuma kullum ka tsere gani suke su suka kore ka daga yankinsu, gobe sai su ƙara himma. Na san da wuya, amma rage gudu, in sun matso ka sauka ka sa keken tsakaninka da su, ka ɗan ba su gefe, kar ka zuba musu ido, ka daka tsawa ɗaya da murya mai kauri sannan ka ja keken a hankali har ka wuce. Yawancinsu da an daina gudu sai ka ga sun yi sororo. Gorar ruwa ma tana taimakawa, ka fesa a fuska. In akwai karya mai shayarwa a cikinsu kuwa, canza hanya kawai na ƴan makonni.

Kwikwiyonka ya isa allurar haukan kare tun yana wata uku, kai shi wajen likitan dabbobi, kuma kar ka bi da shi ta kangon. Igiya a hannu koyaushe, ka riƙe lema, buɗe ta farat ɗaya a gaban kare tana firgita shi. In faɗa ya kaure kar ka kuskura ka sa hannu tsakani, ruwa za ka watsa musu.

Guba kam ban goyi baya ba. Zalunci ne, kuma ba ta zaɓe, magen maƙwabta ko kwikwiyon naka ko yaro ƙarami na iya ɗauka, sannan da kangon ya zama babu kowa wasu sababbi za su tare muddin akwai shara a wurin. Ku haɗu da maƙwabta ku kwashe sharar, ku kai ƙorafi ofishin kula da lafiyar dabbobi, ka kuma gaya musu wanne ne ya karce ka don su sa masa ido na kwana 10.